Keken da Ba Shi da Mariƙi

"Ina mariƙin?"

Tambayar da na fara yi ke nan da direba ya sauke keken a tsakar gidanmu a Fadan Kagoma, ranar wata Asabar da yamma.

Keken guragu ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Tayoyin baya na keken hawa ne masu kauri, ga wata taya guda can gaba a kan dogon ƙarfe kamar ta baro. Saurayina Meshak, mai walda a Kafanchan, wata uku ya yi yana ƙera shi. Ya sa birki, ya sa matashi, har shuɗin fenti ya shafa. Amma bayan keken babu inda mutum zai kama ya tura.

Direban ya ce, "Ya ce gobe ba zai zo ɗaukan ki ba. Ki same shi a coci."



Hellen maƙwabciyarmu, wadda uwar Meshak ta daɗe tana yi masa sha'awarta, ta zagaya keken tana taɓe baki.

"Emilia, ba ki gane ba? Shekara biyu mutum yana tura ki. Ya gaji, sista. Wannan sallama ne."

Na so in zage ta, amma abin da nake tsoro ta faɗa. Tun da motar citta ta kife da mu a hanyar Kachia a 1992 ƙafafuna suka daina aiki, kowace Lahadi Meshak ke tura ni majami'a a keken asibiti mai ƙananan tayoyi, wanda ko tsakuwa ya gani sai ya tsaya gaisawa. Yana bayana, ina gabansa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba yana turawa, kuma kullum zuciyata tana raya mini cewa a murtuke take.

Ga shi gobe za a yi sanarwar aurenmu ta farko. Uwarsa, Maman Tagwai, ta riga ta faɗa gaban dattawa:

"Ni ban ƙi yarinya ba. Amma ɗana zai ƙare rayuwa a bayan keke?"

Fasto kuma ya ce sai mu biyu muna gaban jama'a, in ba haka ba a ɗage.

Da safe Mamana ta ɗora ni a keken, ta kai hannu baya don ta tura, ta kama iska.

"Wane irin mugunta ne wannan? Bari in kira mutane su ɗauke ki."

"A'a Mama. Bari in je in ji da kunnena."

Na kama tayoyin na tura.

Wayyo! Keken ya zabura kamar dama jira yake. Na yi ihu na damƙe birki, har haƙorana suka haɗu. Na sake turawa a hankali. Ga dakalin ƙofar gidanmu, wanda shekara biyu sai an ɗaga ni ake tsallake shi. Na rufe ido...

Ƙwas! Tayar gaba ta haye, na baya suka bi.

Ina waje. Ni kaɗai!

An yi ruwa da asuba, hanya duk jan taɓo. Na jira in ji na nutse, sai na ji tayoyin suna cin ƙasa suna wucewa. Amma kada wani ya ce muku abin daɗi ne. Kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana. A gefen gonar citta hanyar ta karkace, keken ya jingina har na tabbata kifewa zan yi, na kira sunan Yesu ya fi sau goma. Bai kife ba. Tafin hannuna ya yi ja, taɓo ya ɓata mini hannun rigar da na ɗinka musamman don ranar.

Ina turawa ina lissafin abin da zan tarar. Wataƙila Hellen ce zaune kusa da shi.

Sai ga rafi.

Gangara ce mai duwatsu, ruwan bai wuce idon sawu ba, daga can kuma sai hawa zuwa majami'a. A tsallake na hango Meshak cikin kwat ɗinsa, hannuwa a baya. Can sama matan zumunta na cocinmu sun yi layi da ankonsu, Maman Tagwai a gaba, Hellen a gefenta.

"Meshak! Zo ka taimake ni!"

Bai motsa ba.

"Jingina baya, masoyiya! Riƙe birki kaɗan kaɗan!"

Wallahi da ina da dutse a hannu da na jefe shi. Haushi ne ya sa na saki birkin. Keken ya gangara yana tsalle, ruwa ya fantsamo mini har fuska, tayar hagu ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. Na ji wata mata ta ce, "Shi ke nan."

Na ja baya, na karkata, na tura da duk ƙarfin da Allah ya bar mini.

Na fita!

Hawan nan kuwa taƙi-taƙi na yi shi, ina huci ina kuka, har na tsaya a gabansa.

"Faɗa mini gaskiya. Ka gaji da ni?"

Ya durƙusa cikin taɓo da kwat ɗinsa. Sai a lokacin na ga ya ciji leɓensa har ya fashe.

"Na gaji, Emilia."

Kafin in buɗe baki, ya ci gaba.

"Na gaji da kallon ƙeyanki. Shekara biyu ina maki hira, ɗankwali ne ke amsa mani. Na sa mariƙi, na yanke shi da hannuna, don in yana wurin ba zan iya haƙuri ba, kuma Mama ba za ta taɓa ganin abin da ta gani yau ba. Ni a gefenki nake so in yi tafiya."

"Da ka faɗa mini, mugu!"

"Da kin yarda?"

Na san da ban yarda ba.

Maman Tagwai ta sauko. Ta dubi keken, ta dubi hannuwana. Ta kwance ɗankwalin da ta ɗaura a ƙugu, ta kama tafina tana goge taɓon. Da ta gama ta juya ga Hellen.

"Je ki gaya ma Fasto yarana sun iso."

Aka buga ƙararrawa. Na kama tayoyina, Meshak ya tsaya a damana, muka nufi ƙofa tare.

Na ɗaga kai na dube shi. Shekara biyu ina tsoron fuskar da yake raka ni da ita, ranar na gan ta.

Dariya yake, hawaye na zuba.