Takardar da Ke Ofishin Hedimasta

Ranar da ta fara ganinsa, a jiƙe ya shigo ajin, ya makara da rabin awa, yana ta fama ya cusa dogayen ƙafafunsa ƙarƙashin bencin 'yan aji uku. Kowa ya yi dariya ban da ita. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, dariya ta daɗe da yi mata wuya.

Makarantar 'yarta ce ta buɗe wa iyaye ajin Turanci duk safiyar Asabar, don su riƙa karanta takardun da ake aiko musu da kansu. Ita ɗinki take yi. Shi direban motar haya ne, yana riƙon 'yar ƙanwarsa marainiya. Kusa da ita kaɗai ya sami wuri.

"Don Allah ara mini biro," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka zo makaranta ba biro?"

"Na zo da kai, shi ma ban tabbata yana aiki ba."

Ta kau da fuska don kada ya ga murmushin da ya suɓuce mata. Da yake ita ke tattara littattafai, ya sa mata suna Monita. Ita kuwa ta rama da Sarkin Latti. Kafin wata uku, in bai zo ba sai ajin ya yi mata faɗi.

Wata Laraba tana kan keken ɗinki saƙonsa ya shigo: "Monita, na gaji da jiran Asabar kafin in gan ki. Ki ba ni izini in zo in gaida Umma. Da aure nake son ki."

Ta karanta sau uku, ta kife wayar a kan yadi, ta yi kuka. Tana son sa, wannan babu musu. Amma yayan marigayi mijinta ya sha gaya mata: "Duk ranar da kika yi aure, yarinya ta dawo gidana. Takarda tana ofishin hedimasta, da sa hannunki." Gaskiya ne ta sa hannun. Sati biyu da rasuwa ya kawo mata wata takarda da Turanci, idonta a kumbure, ya nuna mata inda za ta rubuta sunanta. Tun daga ranar ko ta ƙofar ofishin ba ta son bi.

Direban ya zo, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarta. Umma ta sallame ta zuwa kicin, suka daɗe suna magana. Da ya fito ko ruwan da ta kawo bai sha ba.

Asabar ta zo, bencinsa babu kowa. Ta biyu ma haka. Wata 'yar ajin mai bakin tsiya ta ce ai direbobi haka suke, kowace tasha da tasu. Maganar ta zauna mata a ƙirji, ta rame, har ta yanka wa wata mata hannun riga a karkace.

A sati na uku ta daure ta rubuta: "Sarkin Latti, in ka sami wata ne ka faɗa mini. Ba zan riƙe ka ba."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi babu wata. Umma ce ta roƙe ni in janye, ta ce aurena zai raba ki da 'yarki. Na san yadda maraya ke kwana. Gara in rasa ki da in zama sanadi. Ki yafe mini, Monitata."

Asabar ɗin nan, da aka tashi, ta tsaya gaban malamar ajin. Ta ce tana son ganin abin da ke cikin fayil ɗin 'yarta. Suka je ofis, hedimasta ya zaro takardar.

"Kawo in karanta miki," in ji malama.

"A'a, Malama. An sha faɗa mini abin da ke cikinta. Yau ni zan karanta."

Ta ɗora yatsa a layin farko. Takarda rabin shafi ta ci mata kusan awa guda, tana haɗa baƙi da baƙi, gumi na bin bayanta. Da ta kai ƙarshe ta koma farko, don ba ta yarda da idonta ba. Abin da ke ciki kawai shi ne, in yarinya ta yi rashin lafiya a makaranta ba a sami uwarta ba, a kira baffanta.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan," in ji hedimasta.

Ba ta yi murna ba. Zama ta yi a kujerar baƙi, tana tuna shekara biyun da ta yi cikin tsoro a kan wannan.

Da yamma ta tafi shagon baffan, ta ajiye kwafin takardar a gabansa, ta karanta masa da bakinta. Ta zaci zai yi faɗa. Sai ya cire tabarau ya rufe fuska.

"Ita kaɗai ta rage mini daga ɗan'uwana," ya ce. "In kika tafi gidan wani, wa zai kawo mini ita?"

"Ni zan kawo ta, Yaya. Da ka roƙe ni tun farko, da ban hana ka ba."

A daren ta karanta wa Umma takardar, ta aika wa Sarkin Latti ya dawo. An ɗaura auren bayan wata biyu, ba taro mai yawa. Baffan bai zo ba, kuma hakan ya yi mata ciwo. Da za a tafi da amarya, 'yarta ta ja rigar angon.

"Ni me zan riƙa ce maka?"

Ya tsuguna daidai tsayinta. "Duk abin da ya yi miki daɗi. Babanki dai yana nan a matsayinsa, ba wanda zai taɓa shi."

Umma ta kama hannun yarinyar ta sa a cikin nasa. "Na kore ka da bakina, ɗan nan, ka yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya bar ku tare, ku da yaran duka."