Gurasar da Marleni Ta Ƙi Karɓa

Sau uku ke nan farantin gurasar Jibin Ubangiji yana isowa gaban Marleni, ta sunkuyar da kai har ya wuce. A ƙaramar cocinsu ta bayan garin Santa Rosa kuwa kowa ya san mai ƙin gurasa akwai abin da yake ɓoyewa, don an koya musu cewa mai ci da zunubi hukunci yake jawo wa kansa.

Mijinta Eusebio ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Uwarsa Doña Chona ce ba ta iya gani ta ƙyale. Ana tashi ta ja shi gefe ta zazzage masa: a kakar da ta wuce wata uku ya yi a gonakin kofi can kan tudu, ya bar yarinya ɗanya sharaf ita kaɗai, ga Wilmer mai babur kullum a ƙofar gida wai sayen tortiya, wainar masarar da take yi. In ba zina ba, me zai hana mace gurasa?

Ranar ko wake Eusebio bai iya haɗiya ba. Son Marleni yake kamar ransa, kishi kuma ya shiga cinsa kamar gara. Ya tambaye ta, ta ce ya bar maganar. Ya matsa, sai ta ce, "Chebo, don Allah ka rufa mana asiri..."

Ai kuwa wannan ta ƙarasa shi. Bawan Allah bai yi wata-wata ba ya kai ƙara wurin Fasto Hilario, ya ce a bincike ta, in ta tabbata aure ya ƙare.

Ranar Laraba da la'asar aka zauna a coci. Doña Chona ta riga kowa baki, wai a zamanin Musa ruwan ɗaci ake ɗura wa irin waɗannan matan don asirinsu ya tonu. Fasto ya ce nan ba su da ruwan ɗaci, tambaya kawai zai yi.

Marleni ta ce ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta.

"To me ya raba ki da gurasa, 'yar'uwa?"

"Ku kuka koya mana kada mu ci muna riƙe da wani a zuci. Na yi azumi, na yi kuka, Fasto... na kasa yafe masa."

Ta juyo ta dubi Eusebio.

Ta ce wata uku da suka wuce wata mata ta zo nemansa, mai dafa wa ma'aikata abinci a gonar kofin, da cikin da ya fara fitowa, ta ce nasa ne. Ta zaunar da ita, ta ba ta abinci, ta raka ta mota. Ta yi gum don kada a sauke shi daga cikin mawaƙan coci, kada tsohuwarsa ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Shi kuwa ina kallonsa, duk wata yana miƙa hannu yana karɓa."

Ciki? Shi bai ma san da ciki ba! Amma matar kam ya san ta sarai. Fasto ya cire tabarau ya kasa mayarwa.

Eusebio ya zube a gabanta. "Rabin raina... Marleni..."

"Da ka yi shiru, Chebo, wataƙila da na iya. Ni na rufe naka, kai kuma ka kawo ni nan a kan abin da ban yi ba."

Ta ce gidan iyayenta za ta, kada ya biyo ta. Ta fita tana share hawaye da bayan hannu.

Eusebio na nan durƙushe. Uwarsa ce ta bi ta da gudu tana kiran "'yata, 'yata," sunan da ba ta taɓa kiranta da shi ba a shekara huɗu na aurensu. Marleni ba ta waiwayo ba.