Tambayoyi Uku a Gwangwanin Baba

Ba wanda yake karɓar takarda daga hannunsa. Duk asibitin an san haka, shi ma ya sani. Idan ya hawo daga ɗakin ajiye gawa da ke ƙarƙashin gini, sai ya ajiye takardun a bakin tagar ofishin rajista, ya ja baya taku biyu, ya jira. Ƙanƙara suke ce masa.

Ranar da sabuwar akawu ta kama aiki a tagar, ba wanda ya gaya mata. Ta miƙa hannu. Ya tsaya yana kallon hannun kamar bai san amfaninsa ba.

"Malam, ba ni mana. Akwai layi a bayanka."

"Ajiyewa nake yi."

"Ni kuma karɓa nake yi."

Ya ba ta. Yatsunsa suka taɓa nata. Matar da ke teburin gefe ta turo mata ruwan wanke hannu. Akawu ta mayar mata da shi, ta buga hatimi.

Washegari ta sake miƙa hannu. Bayan mako guda ta ce, "Wanda ya sa maka Ƙanƙara bai taɓa gaisawa da kai ba."

"Har shi babban likita bai taɓa ba," in ji shi, ya yi dariya. A ranar ta ga wushiryarsa.

Shekarunta talatin da huɗu, nasa ashirin da takwas. Yaya yake ce mata don tsokana, ita kuma ta ce masa Ɗan Auta. Wata bakwai suka yi a haka, taga a tsakaninsu. Da ta ga ba zai taɓa furtawa ba, ta tura masa saƙo lokacin hutun rana.

"Ɗan Auta, wata bakwai kana kawo min takardun matattu. Ina so ka zo gidanmu da maganar masu rai. Aure nake nufi."

Sai da aka kusa tashi amsa ta zo.

"Yaya, na karanta sau tara. Tun ranar farko nake son ki. Amma kin san inda nake wuni. Iyayenki sun sani?"

"Bar min su. Babana mutum ne mai jin hujja."

Ta yi imani da haka. Baba tsohon shugaban makaranta ne, kuma yana da gwangwanin madara da ya huda murfinsa. Duk mai tambaya a gidan ya rubuta, kada ya sa suna, ya naɗe ya jefa. Ranar Asabar bayan la'asar a zauna a falo, Baba ya zaro ɗaya, a yi muhawara a kan ko abin nan da ake jin kunyarsa ya kamata a daina. A ɗaga hannu, ya rubuta hukunci a wani baƙin littafi, ya sa hannu, ya duba agogonsa ya rubuta lokaci.

An yanke abubuwa da yawa. Namiji ya yi kuka a gaban mutane: ba laifi. Ƙanwa ta riga yayarta aure: ba laifi, kuma kowa ya guji kallon akawu. Suruki ya kira surukinsa da suna: ba a yarda ba, har ƙaninta lauya, wanda yake alfahari ba abin da ke ba shi kunya, ya sauke hannu. Gwaggo, ƙanwar Baba, a'a take cewa tun ba a gama karantawa ba. Umma shayi take kawowa ta koma. Ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Akawu ta jefa tambayoyi uku, ɗaya kowane mako.

Mace ta fara cewa tana so?

"In ta jira, wata ta riga ta, wa ta cuta?" in ji Baba. "Kunyar da ke hana mutum rabonsa ba kunya ba ce, asara ce."

"Kaza ce ke bin zakara yanzu," in ji Gwaggo. Aka rinjaye ta.

Mace ta girmi mijinta?

"Zai ma fi samun tarbiyya," in ji Lauya. Aka yi dariya, aka rinjayi Gwaggo.

Akwai sana'ar halal da ta isa a hana mutum mata?

A nan Baba ya miƙe tsaye. Minti ashirin yana magana a kan masu shara da masu yasar masai, da yadda jahilci ke sa mutum raina wanda yake ɗauke masa ƙazanta. Ya rubuta "Babu", ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Asabar ta huɗu ta kawo Ɗan Auta gidan.

Ya sa farar riga, ya yanke farce har ya kusa fitar da jini. Baba ya miƙo hannu da fara'a, yana cewa, "A wane sashe kake a asibitin?"

Ya faɗa.

Hannun Baba ya tsaya a hanya, ya juya ya gyara tabarau.

Aka zauna. Umma ta ba shi shayi. Akawu ta ce, "Baba, shi nake so in aura. Ni na fara gaya masa. Na girme shi da shekara shida. Duk ukun suna cikin littafinka, da sa hannunka."

Lauya ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

"Kai! Ashe kai ne! Malam, mako uku muna feɗe ka a falon nan ba mu sani ba. Gunduwa-gunduwa ta kawo ka. Ba ta gaya maka ba?"

Baƙon ya dube ta. Ba ta gaya masa ba.

"To tunda ga ka," in ji Lauya, "a ƙara ta huɗu. In ka dawo gida ka shafa kumatun jariri, da wane hannu? Na dama ko na hagu? Wanne ya fi hutawa?"

"Ina sa safar hannu. Ina wanka kafin in fito."

"Warin fa?" in ji Gwaggo, ta ja gyale ta rufe hanci. "Tun da ya shigo nake jin wani abu, na zaci ɓera ne ya mutu a bayan kujera."

"Gwaggo!"

"Yi min shiru. Kin tsufa a gida har kin gangara ƙarƙashin ƙasa neman miji. Da kin ƙara taku biyu ai da kin zaɓo cikin na kwance, su ba sa gardama."

Baba bai tsawatar ba. Yana juya gwangwanin a hannunsa.

"Yaro," ya ce, "ba ni da komai a kanka. Aikinka ana buƙatarsa. Amma muhawara daban, 'yata daban."

Baƙon ya ajiye kofin a hankali, ya yi godiya, ya miƙe. Kafin ya kai ƙofa Gwaggo ta ɗauki kofin da bakin gyalenta ta jefa a kwandon shara. Ya ji ƙarar fashewarsa. Bai waiwaya ba.

Ranar Litinin ya ajiye takardu a bakin taga, ya ja baya taku biyu. Ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Matar teburin gefe ta yi murmushi.

Ta tura masa: "Ɗan Auta, ka yi haƙuri da su."

"Su na saba da irinsu. Ke ce ban saba ba. Kin yanka ni gida uku kin jefa a gwangwani don a ɗaga min hannu. A ƙasa ma ba ma taɓa mutum sai da izinin danginsa."

"Don in same ka na yi."

"Kin ci muhawara, Yaya. Allah ya sanya alheri."

Bai ƙara amsa saƙonta ba. Mako biyar takardu na sauka a bakin taga.

Gwaggo ba ta yi sanya ba. Tana da ɗa mai kantin magani, wanda ya saki mata biyu, ta fara turo shi. Yana zuwa da turare mai hawa kai, ya zauna a kujerar da wancan ya zauna, ya ce, "Ni shekarunki ba su dame ni ba. Taimako ne. In ba mu rufa wa juna asiri ba, wa zai rufa?" Baba ya ce yaron yana da hankali.

Asabar ta gaba akawu ta ɗauko baƙin littafin ta karanta hukunce-hukuncen nan uku da ƙarfi, har da lokacin da aka rubuta kowanne.

"Baba, shekara goma kana koya mana ƙarya ke nan?"

"Ajiye littafin nan."

"Ko dai gaskiyarka ta 'ya'yan wasu ce?"

"Na ce ki ajiye! Hannun da ke juya gawa ba zai shiga kwanon gidana ba. Na gama magana." Ya duba agogo, alamar an tashi.

Umma tana tsaye da tiren shayi. Ta ajiye shi.

"Malam, wannan agogon da kake dubawa, wa ya ba ka?"

 Agogon na babban ɗansu ne, wanda mota ta kashe shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba a ambatonsa a gidan.

"Ke kika ba ni."

"Ni wa ya ba ni? Kwana biyu muna neman yaron nan. Da aka ce mu je mu duba a ɗakin ajiye gawa, a bakin matakala ka tsaya, ka ce ƙafarka. Ni na sauka. Wani dattijo na tarar. Ya wanke masa fuska, ya ɗaure masa haɓa, ya juya shi ta gefen da bai lalace ba don kada in gani. Ya ciro agogon daga aljihunsa ya ce ya ɓoye ne don hannaye sun yi yawa. Ko sunansa ban tambaya ba. Da muka fito ya biyo mu ya yi maka ta'aziyya, ka sa hannu a aljihu."

"Ya isa," in ji Baba.

"Bai isa ba. Shekara goma sha biyu kana ɗaure da abin da ya fito daga irin hannun nan, kana cin abinci da shi, kana alwala da shi. Ɗanka kuwa, kai ba ka taɓa shi ba. Shi ya taɓa shi."

Gwaggo ta buɗe baki.

"Ke kuma," in ji Umma, "duk tsabtarki wani ne zai juya ki. Ki yi addu'a ya zama mai tausayi. Kofina kuma guda shida ne, kin mai da su biyar."

Ta ɗaga hannunta sama, karo na farko a falon nan. Ba wanda ya karanta tambaya. Ta bar shi a sama har Baba ya sunkuyar da kai.

Ranar Litinin akawu ba ta jira a taga ba. Ta sauka matakala ashirin da biyu zuwa ɗakin gawa. Sanyi ya tare ta, da warin magani, da ƙugin injin. Yana cike wata takarda a kan tebur.

"Ba a shigowa nan."

"Na shigo. Ban zo da hujja ba. Na yi maka laifi. Na ji tsoron in kai ka gaba ɗaya su ƙi, sai na kai ka guntu-guntu. Kunyar aikinka na ji, ban sani ba sai da ka yi magana."

Ya ajiye biro.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina tsaye a inda kake wuni, kuma ina jin sanyi, kuma ba ka ce in zauna ba."

Ya tura mata kujerarsa da ƙafa. Ya cire rigar sanyinsa, ya yi kamar zai ajiye a kan tebur.

"A hannu," ta ce.

An ɗaura auren bayan wata biyu. Mutane ba su yi yawa ba. Gwaggo ta aiko cewa ƙafarta na ciwo. Abokan aikin amarya sun zo sun ci sun sha, ba wanda ya gaisa da ango. Lauya ya gaisa da shi don a gani, sannan ya zagaya bayan mota ya goge tafinsa a jikin wando. Ango ya gani. Amarya ma an gaya mata.

Baba ne ya zo a ƙarshe. Bai yi murmushi ba. Ya miƙa hannu, na agogon yana rataye a gefensa. Ango ya ja baya rabin taku, don sabo, sannan ya kama. Tsohon ya riƙe shi fiye da yadda ake riƙewa.

"Ban ce na ji daɗi ba," ya ce. "Na ce na ba ka. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba."

Gwangwanin yana nan a kan kabad. Tun ranar ba a sake buɗe shi ba.

Da za a tafi da amarya, Umma ta ba ta kofuna biyar a kwali. "Ku ƙarasa fasa su da kanku," ta ce. Ta juya ga ango, ta kama hannayensa duka biyu a gaban kowa.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka. Allah ya ba shi 'ya'yan da zai ɗauka."

Washegari da safe ya haɗa shayi a ɗaya daga cikin kofunan, ya kawo mata. Ya sunkuya zai ajiye a kan tebur, sai ya tsaya.

"Yaya."

"Na'am, Ɗan Auta."

"Karɓi. Da zafi."