Waifa a Busasshen Gilashi

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar Elizabeth, aka ce an sace mota. Sufeto Glenys Harkin ko kai ba ta ɗaga ba. Lahadi ce, zafin birnin Adelaide ya kai digiri arba'in da uku, kuma satar mota ba aikinta ba ce. Sai da Saje Tuan ya ƙara da cewa wani tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya ya ɓace tare da motar, sannan ta miƙe.

A filin baje koli, ƙungiyar masu Linnet ce ke bikin cikar motar shekara arba'in da biyar. Linnet dai ƙaramar mota ce mai ƙofa a baya, mai tsadar da ta fi girmanta, kuma masoyanta mutane ne da za su manta ranar haihuwar matansu amma ba sa manta lambar inji. An jera ƙira huɗu a ƙarƙashin rumfar kwano, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Gurbin ta farko babu kowa.

Shugaban ƙungiyar, Graeme Tulloch, ya tarbe su, rigarsa sharkaf da gumi.

"Sufeto, ba mota kawai aka ɗauke mana ba, tarihi ne. Ita ce ta farko da ta fito daga masana'antar garin nan. Ƙarfe uku wakilin kamfani zai zo ya duba ta, za a kai ta gidan tarihinsu a Turai. Ƙira ta biyu kuwa..."

"Ina makullin yake?"

"A jikinta. Ranar da aka hana kunna wuta saboda gobarar daji, a jiki muke barin makullin kowace mota, don a iya janye su da sauri."

"Wa ke gadi?"

"Babu. Ƙarfe sha biyu muka shiga zaure cin abinci, zafi ya yi yawa."

Wayarsa ta yi ƙara, ya nemi afuwa ya nufi ofishin ƙungiya. Wata mata ta matso. Vesna Radich ce, 'yar tsohon da ya ɓace.

"Babana Pasko shekara talatin ya yi yana ɗaura kujerun baya a masana'antar. Yanzu ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya. Na ajiye shi a kujera na shiga layin abinci, na juyo ban gan shi ba."

"Zai iya tuƙa ta?"

"Ina! Tun da aka yi masa aiki a ƙugu ba ya iya taka kuloci."

Saje Tuan ya kira su daga gurbin motar. Takalmi ne baƙi sau ciki, an jera shi tsaf a gefen igiya, ba ta wajen ƙofar direba ba, ta daidai inda bayan motar yake. Vesna ta dafe ƙirji.

"Nasa ne. Ba ya shiga Linnet da takalmi. In ya gaji sai ya kwantar da kujerar baya, ya shiga ta but, ya ja mayafin motar ya rufa. Na shiga uku! Kuma ba ya ji in bai sa abin kunnensa ba."

Wani dattijo mai baƙin mai a farce ya tsaya a bayansu. Col Brennan ne, bakaniken ƙungiyar.

"In yana ciki, akwai matsala," in ji shi. "Ƙirar farko ƙofar bayanta ba ta buɗuwa ta ciki, gilasan baya kuma ba sa sauka. Sai daga ta biyu aka gyara wannan."

Harkin ta duba agogo. Ɗaya da rabi ta wuce. Ta taɓa buɗe motar da aka manta mutum a ciki a irin wannan rana, kuma ba ta son ta sake gani. Tsoro ya kama ta sosai. Ta sa Tuan ya sanar da duk motocin sintiri, a ajiye motar asibiti kusa, kuma kada kowa ya ambaci maganar takalmin.

Cikin minti biyar ta gano mutum biyu ne kawai ba a gani a zauren ba lokacin cin abinci: Col da Graeme. Da Col ta fara.

"Ina ka je?"

"Banɗaki."

"Rabin awa?"

"Ki kai shekaruna ki gani."

"An ce ka sha alwashin motar ba za ta bar garin nan ba."

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Shekara talatin ina shiga ƙarƙashinta. Amma ban ɗauka ba."

"Banɗakin maza a kulle yake tun safe, famfo ya fashe. Ka sake tunani."

Col ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Taba na sha a bayan tankin ruwa, cikin busasshiyar ciyawa, a rana irin ta yau. In 'yan ƙungiya suka ji, kunyar ta ishe ni."

"Wa ya gan ka?"

"Ai don kada a gan ni na je can."

Ta bar shi ta nufi ofis. Graeme ya ce shi gidan mai ya taka a ƙafa don sayo ƙanƙara, ya tarar ta ƙare. Ya rage murya ya ce ba ya son ɓata sunan kowa, amma kowa ya ji abin da Col ya furta. Game da tsohon kuwa, ya ce tabbas ya bi titi ne, a duba wajen tashar bas.

Biyu saura kwata. Kowane minti Harkin tana jin sa a ƙeyarta.

A bakin ƙofar filin, Raelene mai yankar tikiti tana zaune ƙarƙashin lema tana fifita da kwali.

"Na ga fitarta mana, wajen sha biyu da minti ashirin. Na zaci gwaji za a yi."

"Wa ke tuƙi?"

"'Yar'uwa, duk hula ɗaya suke sawa, duk tumbi ɗaya gare su. Amma ya ba ni dariya. Da zai karya kwana, maimakon sigina sai ya kunna waifa, ƙiii-ƙiii a busasshen gilashi, wata uku ba mu ga ɗigon ruwa ba. Ya kashe, ya sake kunnawa. Na ce wannan zafi ya taɓa shi."

Tuan ya yi ɗan tsaki. "Haka na yi ta yi wata guda cur da na sayi motar Turai. Hannu ne ke zuwa inda ya saba."

Harkin ta juya da gudu-gudu ta koma rumfa. Ta tarar da Col zaune kan akwatin kayan aikinsa.

"A ƙirar farko, wane gefe sandar sigina take?"

"Dama. A nan aka haɗa ta, yadda muka saba. Da aka rufe masana'anta aka fara kawo su daga Turai, tun daga ta biyu har ta huɗu, sai ta koma hagu, waifa ta dawo dama."

"Wanda ya kunna waifa a ta farko yana neman sigina fa?"

"Hannunsa ya saba da sababbin ke nan."

"Kai me kake hawa?"

Ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura da fenti ya gaji da ita. "Wannan, da ta farkon. Sababbin ko kyauta ba na so."

"Ta huɗun nan ta wace ce?"

Col ya dubi motar. "Ta Graeme ce. Ita yake hawa kullum."

Tuan ya riga ya buga wa gidan man waya. Ƙanƙara na nan cike da firji, kuma ba wanda ya zo nema tun safe.

Harkin ta ɗauki takalmin ta shiga ofis. Ba ta zauna ba. Ta ajiye shi a kan teburin Graeme, a kan littafin tarihin ƙungiya da shi ya rubuta.

"A bayan motar muka same shi. Ka san na wane ne, ka kuma san abin da yake yi in ya cire shi."

Graeme ya dubi takalmin.

"A'a. Mayafi ne kawai a baya. Na ga but a ɗage, na tura na rufe, mayafi ne kawai..."

"Ina take?"

"Ki fahimce ni, ba sata ba ce, zan dawo da ita gobe..."

Ta buga teburin. "Awa ɗaya da rabi ke nan! Ina take?"

"Kwantena. A bayan gidan ƙanena, titin Hogarth. Na kulle na hau tasi na dawo."

Kwantenar ƙarfe, a tsakiyar rana. Harkin ta ja shi ta wuyan riga har mota, Vesna da Col suka faɗa baya, Tuan ya kunna jiniya.

A hanya Graeme ya yi ta zuba ba wanda ya tambaye shi. Shekara ashirin da suka wuce ya fita da motar a ɓoye, ya yi karo da bishiya. Ya sayo gangar jikin wata Linnet ya sa aka mayar da inji da kujeru a cikinta, ya dawo da ita ba tare da ya gaya wa kowa ba. Tun daga nan yake tsayawa gaban jama'a yana rantsuwa ita ce ta farko. Yau wakilin kamfani zai ɗaga safaya ya karanta lambar gangar jikin da ke ƙasa, asirinsa ya tonu a gaban kowa.

"Kwana ɗaya kawai nake so, har ya koma," in ji shi.

Tuan ya karya kwana ya shiga titin Hogarth.

Makullin kwantenar ya yi zafi har sai da Tuan ya naɗe hannu da riga. Da ƙofar ta buɗe, hucin da ya fito kamar na tanda. Col ya ɗaga but ɗin. Pasko na kwance, ya ture mayafin, bakinsa a buɗe, fatarsa a bushe ƙamas, babu ko ɗigon gumi.

"Baba! Baba, ni ce!"

Bai motsa ba. Ma'aikatan motar asibiti suka ture kowa, suka fito da shi inuwa, suka yage rigarsa suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane. Harkin ta tsaya tana kallon ƙirjinsa.

"Akwai bugu," in ji ɗayansu. "Ƙasa-ƙasa, amma akwai. Mu tafi!"

Vesna ta shiga tare da shi, ba ta ko waiwayi Graeme ba. Tuan ya sa masa ankwa.

"Zai rayu?" Graeme ya tambaya.

"Ban sani ba," in ji Harkin.

Za a shigar da shi mota Col ya tako ya tsaya a gabansa, idanunsa jajir.

"Ka san wa ya fara ganewa? Pasko. Ranar da ka dawo da ita ya shafa bayanta sau ɗaya, ya ce ba ita ba ce. Ya tara mu, mu tsofaffin, ya ce Graeme ya yi kuskure kuma kunya za ta kashe shi, kada kowa ya tona. Shekara ashirin duk mun sani."

Graeme ya tsaya yana kallon Col. Sai da Tuan ya ja shi ya sa shi a mota.