Ƙofar Gidan Douwe

Hukumar ruwan yankinmu ba ta san uba ba, ba ta san masoyi ba, ma'auni kaɗai ta sani. Haka Fenna ta faɗa ranar da ta zama shugaba, aka tafa mata.

A bakin magudana ta fara ganin Wiebe, yana jan saniya daga taɓo yana tsine wa shugabar hukuma.

"Ka san ta ne?" in ji Fenna.

"Allah ya sauwaƙe. Wata tsohuwar agwagwa ce, na tabbata."

"Ni ce."

Ya dube ta, ya saki igiyar. Saniyar ta koma inda ta fito.

Kafin kaka soyayya ta ƙullu, sunan ya bi ta har cikin saƙon Wiebe a waya: "Agwagwata, na ajiye miki cuku. Baba ya ce ba ya haɗa zuri'a da mai nutsar masa da ciyawa. Ki rage ruwan nan ko da faɗin tafin hannu ne."

Ta amsa: "Makiyayina, ina son ka. Ba ni da wurin juyawa."

Gaskiyarta. Makiyaya na son ruwa ya ja baya, filayensu su bushe. Gidajen tsohon gari kuwa a kan turakun katako da aka kafa a ƙarƙashin ƙasa suke tsaye, ruwa ke hana turakun ruɓewa. Ɗaya na mahaifinta ne, Douwe. A majalisar hukuma ƙuri'a ta yi kunnen doki, saura tata.

"Baba, in na rage, gidanka zai lotsa. In ban rage ba..."

"Wa ya gaya miki? Tun kina rarrafe na sa na siminti. Je ki auri ɗan taɓonki."

Fenna injiniya ce, ta san yadda ake duba turaku. Ba ta duba ba.

Aka rage ruwa, aka ɗaura aure. Baban Wiebe ya rungume ta yana "'yata, 'yata", ya yi jawabi kan adalcin hukuma. Douwe ya sa musu albarka, ya yi rawa har hularsa ta faɗi.

Suna nan lafiya, da 'ya'yansu, shanu sun yi ƙiba. Duk Lahadi suna zuwa shan kofi wurin Douwe. Kafin su iso yakan ɗauko kayan kafinta, ya ɗan sassaƙe ƙasan ƙofar da ke cijewa tun da gidan ya fara lotsawa, don ta buɗu ba gardama, ya share garin katakon tas.