Tauraron da Ya Rage

Taurari biyar Maman Injiniya ta ce tana bin mu, kuma har tsakar ɗakina ta zo karɓa.

"Kaka, ɗana ya saki gem ɗinsa na waya, 'yan baƙin ciki sun sa shi a gaba. Kowa a gidan nan ya ɗauko waya ya danna masa taurari biyar!"

Ni ban yi boko ba, amma ba na manta wanda nake bi, ba na manta mai bi na. Matar nan ta yi jinyata lokacin da aka yi min aikin ido, har wanki ta yi min. Na miƙa mata wayata na ce ta danna da kanta. Ta danna, ta rubuta a ƙasa, "Allah ya sanya albarka." Ɗana ya bayar, matarsa ta bayar. Jikata kaɗai, wadda nake kira Takwara, ta tura wayarta ƙarƙashin cinya.

"Mama... ni zan rubuta nawa daga baya."

Da na kalli idonta na san akwai magana.

Injiniya shi ne yaron da za ta aura, magana ta yi nisa. Shi da abokansa biyu suka kama wani ɗaki a saman shagon mai faci, suka daɗe suna haɗa wasan waya. Kai ne mai babur, kana kai saƙo cikin gari kafin lokaci ya ƙare. Ita kuwa Takwara tun tana ƙarama ta fi maza iya irin wasannin nan, har akwai masu jiran su ji ra'ayinta kafin su sauke sabo.

A nan ɗakina ta fara gwada shi, kafin a saki. Babur ya hau gada sai ya nutse ciki. Waya ta ɗau zafi kamar dutsen guga. In an kira ka, duk wahalar da ka sha ta goge.

"Nawan, ka ɗaga ranar, don Allah," ta ce masa.

"Zuciyata, Mama ta riga ta gaya wa duniya. Abokaina sun bar aikinsu saboda ni. Zan gyara a hanya."

Bai ɗaga ba.

Ita take karanta min abin da 'yan wasa ke rubutawa. Wani ya ce ya gode, yanzu da wayarsa yake goge riga. Wani ya ce an yaudare shi. Wasu zagi ne tsantsa, har da iyaye. Akwai kuma masu hankali da suka ce kiɗan ya yi daɗi, a gyara gadar kawai.

Sai taurarin dangi suka fara zuba. "Yaron kirki ne." "Ɗanmu abin alfaharinmu." Yaran nan ba wawaye ba ne, nan take suka gane. Ƙarƙashin nawa wani ya rubuta, "Hajiya, kin ma san inda ake taka birki?"

Na yi dariya har da tari, don wallahi ban sani ba. Takwara ba ta yi dariya ba.

"Kaka, yanzu ba wanda zai ƙara yarda da shi. Suna cewa maƙaryaci ne."

Ta zauna ta rubuta nata, ta karanta min kafin ta tura. Taurari biyu. Ta yabi titunan da kiɗan, ta faɗi inda babur ke nutsewa da abin da ke goge wasa, ta ce masu zagin iyaye su ji kunya, waɗanda suka yi shi mutane ne, a ba su lokaci.

"Takwara, kin san gidan da za ki shiga kuwa?"

"Na sani, Kaka. Amma in na ba shi biyar, gobe in na ce masa ina son sa, da me zai gane ba irin na dangi ba ne?"

Ban ce ta tura ba, ban ce kar ta tura ba.

Abin mamaki, zagin ya ragu. 'Yan wasa suka taru ƙarƙashin nata suna ƙara abin da suka gani cikin mutunci. Da an bar shi haka, da lafiya lau. Sai ƙanwar Injiniya ta shiga ta rubuta, "Ba ki ji kunya ba? Ke da za ki aure shi!"

Shi ke nan. Kafin la'asar kowa na yaɗa hoton rubutun nata, "Ko amaryarsa biyu ta ba shi."

Ya zo da yamma, ko zama bai yi ba.

"Angona, ba gaisuwa?" na tsokane shi.

"Ina wuni, Kaka." Ya juya wajenta, idonsa ja. "Ki goge."

"Nawan, ka karanta kuwa?"

"Na karanta dariyar da ake min! Maƙiyi ya ba ni ɗaya ban ji zafi ba. Amma ke?"

"Ai na gaya maka a ɗakin nan, mu biyu, ba ka ji ba..."

"Sai ki fita da shi kasuwa?"

"Ka gyara, wallahi da hannuna zan ƙara. Ba na son a yaba maka don tausayi."

"Mama ta ce wadda ba ta rufa min asiri a waje ba, ba za ta rufa a gida ba."

"Kai fa? Me ka ce?"

Ya sa takalmi ya fita. Ta bi shi har bakin ƙofa tana kiran "Nawan... Nawan!", babu ko waiwaye.

Babu wanda ya ce an fasa. Magana ce kawai ta mutu a tsaye. Maman Injiniya ta daina gaishe mu, shi ya daina kira, ita ma ta ƙi kira. Sai gyara ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ta faɗa. Gada ta tsaya, waya ta huce. Waɗanda suka zage shi suka dawo suna yabo. Takwara na wasa tana share hawaye da gefen mayafi.

Ni kuwa na gaji da kallo. Na ɗau sandata na hau matakalar nan ta saman mai faci, ina hutawa ina hawa. Na same shi gaban kwamfuta, ya rame.

"Bashi na zo karɓa. Jikata na bin ka godiya."

Ya sunkuyar da kai. "Kaka, ki ce mata ta yi gaskiya."

"Ni ba 'yar aike ba ce. Bakinka ciwo yake?"

"Duk sanda na tuna fuskarta, dariyar nan nake ji. Na san ba laifinta ba ne, amma ina jin ta." Ya goge ido. "Zan zo, Kaka. Ki ba ni lokaci."

Na ba shi. Na riƙa sa a share ƙofar gida, na hana Takwara zuwa unguwa da yamma. Har muka ji wani babban kamfani ya ɗauke shi aiki a wani gari, saboda gem ɗin nan. Daga bakin maƙwabta muka ji.

Ran nan na ga tana taɓa wayarta a hankali.

"Me kike yi, Takwara?"

"Na yi alkawari zan ƙara, Kaka. Na mayar masa huɗu."

"Yanzu ai babu abin da ya rage bai gyara ba. Ɗayan fa?"

Ta kwantar da kanta a cinyata, ina jin hawayenta na ratsa zanina.

"Yana wurina. Ya zo ya karɓa da kansa."

Har yau huɗu ne.