Darasin Da Aka Ji Ta Taga

Auta tana tsugune a tsakar gida tana goge farin takalminta na aiki, sai ga yayanta ya shigo ko sallamar kirki babu, ya wuce ɗakin Baba kai tsaye. Shi dai Yaya haka Allah Ya yi shi, in ya ɗauko labari ba ya iya ajiye shi ya sha ruwa. Da safen nan Baba ya aike shi kwalejin da saurayinta yake koyarwa, ya dubo masa halin mutumin kafin a tsayar da maganar aure. Ta ajiye burushin, ta kasa kunne.

"Baba, wallahi da kunnena na ji. Ina tsaye jikin taga, shi yana gaban allo, aji cike da ɗalibai. Cewa ya yi, in komai sai da wanda ya yi shi, to wanda ya yi komai wa ya yi shi? Ya ce in akwai Mai jinƙai Mai iko, me jariri ya yi da zai wuni yana kukan ciwo? Kuma ba wanda ya tanka masa, rubutawa ma suke yi!"

"Ka tsaya ya gama?" in ji Baba.

"In tsaya in ji me kuma? Ai ban san lokacin da na baro wurin ba."

Auta ta shiga ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, tsarin darasinsa ke nan. Falsafa yake koyarwa. Mako guda yakan tsaya a madadin masu musun akwai Allah, ya kawo hujjojinsu da duk ƙarfinsu, mako na gaba kuma ya dawo a warware su. Yaya a makon musu ya je."

"Ji mini yarinya," in ji Yaya, "har an koya mata lakca."

Baba mai gyaran agogo ne, mutum marar yawan magana, wanda in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. "Tun kafin a haife ku nake buɗe bayan agogo. Ban taɓa ganin 'yan ƙarafan nan suna juyawa na ce su suka haɗa kansu ba. Wannan hujjar ta ishe ni. Bakin da ya iya furta waccan magana, ko da wasa ne, ba zai zauna da 'yata ba. Sai fa in ya daina koyar da ita."

Washegari Baba ya yarda Auta da saurayin nata su yi magana a ƙofar gida, sau ɗaya. Sarkin Tambaya take kiransa, domin ranar da suka fara haɗuwa a asibitin da take aikin nas, ya kawo 'yar ƙanwarsa, sai da ya tambaye ta dalilin kowace ƙwayar magani har ta gaji ta yi dariya. Yau kam babu dariya.

"Ka bar kwas ɗin nan mana. Ba ga wasu darussan ba?"

"Auta, yaran nan suna cin karo da waɗannan tambayoyi a wayoyinsu, ba kowa kusa da su. In na kawo musu gurguwar hujja na kayar da ita, ranar da suka haɗu da mai ƙarfi za su ce yaudararsu na yi. Daga nan ba za su ƙara yarda da ni ba, ko a kan gaskiya."

"To ni fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ce abin da na fi so a duniya. Amma in na yi wa Baba alkawarin da zuciyata ba ta yarda da shi ba, a kan ƙarya za mu gina gida. Ki ba ni lokaci."

Ta shige gida tana kuka, haushinsa da sonsa sun cakuɗe mata. Baba ya hana waya, ita kuma ta bi umarninsa. Lambarsa tana nan, ba ta goge ba, ba ta kira ba. Watanni suka shuɗe. In ta tashi aiki sai idonta ya kai kan bencin bakin get inda yakan jira ta, ta tarar da wani daban a zaune. Ta yi kewarsa ƙwarai, har tambayoyin nan nasa masu cika kunne ta yi kewa. Ta rame, Yaya yana ta tsokanarta wai ko asibitin ya daina biyan albashi ne.

Wata rana a ɗakin yara na asibitin, wani yaro mai sikila ya wuni yana murƙususu. Uwarsa, mace mai carbi a hannu kullum, ta riƙe rigar Auta. "Nas, me ya yi? Don Allah me yaron nan ya yi?" Auta ta rungume ta kawai. A nan ta gane tambayar ba a aji aka ƙirƙire ta ba.

Da ta kai wa Baba abincin rana a shago, ta tarar da shi da gilashin aiki a ido ɗaya, agogunan bango suna ta bugawa kowanne da nasa lokacin. Ta daɗe a tsaye kafin ta samu ƙarfin hali.

"Baba, ka gafarce ni. Lokacin jinyar marigayiya Umma, ranar da ciwon ya hana ta ko juyawa, na ji ka a kan darduma kana cewa, 'Ya Allah, me ya sa?' Ban taɓa ɗaukarka marar imani ba."

Hannunsa ya tsaya cak. Ta ajiye abincin ta fita, tana ganin ta ƙarasa ɓata komai. Sai bayan kwanaki ta ji ya ce da Yaya, "Je ka kira mini malamin nan. Kuma wannan karon ka tsaya har a gama."

A shagon aka zauna, Auta tana raɓe a bayan kantar shagon.

"Wa ya yi wanda ya yi komai?" in ji Baba. "Ba ni amsar da kake ba yaran."

"Baba, in ka ari tsani a wurin maƙwabci, shi ma aro ya yi, wancan ma aro ya yi, dole a ƙarshe a kai ga mai tsanin, in ba haka ba da ba a ga tsani ba sam. Duk abin da muke gani aron samuwa ya yi. Dole akwai Wanda samuwar tasa ce, bai karɓa a hannun kowa ba."

Baba ya gyaɗa kai. Sai muryarsa ta sauya. "Matata ba ta taɓa cutar da ko ƙuda ba. Ta sha wahalar da ba na iya faɗa. Wannan fa?"

Sarkin Tambaya ya ce, "A aji nakan tambayi mai musu, in duniya haɗari ce kawai, ina ya samo ma'aunin da ya gane cewa wahalar mutumin kirki ba daidai ba ce? Hujja ce mai kyau, amma ba ta share hawaye. Gaskiya, Baba, ban san dalilin wahalar Umma ba. Ni ma na binne mahaifiyata. Tambayar tana nan tare da ni, sai dai ni Shi nake yi wa ita, goshina a ƙasa."

Baba ya share idonsa da bakin hannun riga, abin da Auta ba ta taɓa gani ba. "Tun rasuwarta kowa amsa yake ba ni. Kai kaɗai ka ce ba ka sani ba. Da ka ƙirƙiro mini dalili don ka samu mata, da ka fita shagon nan kai kaɗai." Ya waiwaya wajen kantar. "Fito, na san kina nan. Kai kuma malam, ka turo manyanka."

Auta ta fito tana kuka tana dariya, ta kasa haɗa ido da kowa.

Haƙuri da biyayyarta ba su tafi a banza ba, shi ma gaskiyarsa ba ta kayar da shi ba. Kada a yanke wa mutum hukunci da rabin zancen da aka ji ta taga. Kuma ba duk mai tambaya ne ya rabu da Ubangijinsa ba. Sau da yawa wanda ya fi kusa da Shi ne yake iya kai masa kukan.